Gawayin da Muka Binne a Gonar Goggo

Ni na kai wa Goggo gubar da hannuna, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Shekarar da 'yan bindiga suka ƙone garinsu, da ƙafa ta iso, ta yi wata da watanni a sansanin 'yan gudun hijira na Malkohi. Zaman bai karɓe ta ba, don mace ce da ba ta iya wuni ba fartanya. Da wani dattijo ya ara mata ɗan fili wajen Damare, sai ta farfaɗo. Ƙasar duk yashi ce. Ni kuwa, malamin makaranta mai ganin ya san komai, na yi abin da manoman bakin gari suka saba: na sa tifa ta kwaso mata takin juji daga Jimeta, baƙi ƙirin. Ban kula ba cewa jujin yana bayan rumfunan masu fasa tsofaffin batura.

Alayyafo ya yi kyau har maƙwabta suna leƙe. Shekara biyu tana ci, tana aiko mana, 'ya'yana suna sha a miya. Sai wata malamar gona ta zo zagaye, ta tsinci ɓawon batir a kunya, ta ɗebi ƙasa a leda. Da ta dawo ta ce akwai dalma a ciki, ganyen yana zuƙarta, kada a sake ci.

Na rasa sukuni. Ina aji ina koyarwa, hankalina yana Damare. In ɗaya daga 'ya'yana ya ce cikinsa yana ciwo, sai in tuna alayyafon. Na yi ta sintiri a Keke tsakanin gona da ofishin malamar har ta fara ce mini mai gadi. Na roƙi Goggo ta bar filin.

"In bar shi in je ina, bingel am?" Haka take kirana da Fulatanci, wato ɗana. "Na gudu sau ɗaya, ya isa."

Malamar ta ce akwai dabara. A cusa totuwar masara da ƙaiƙayin shinkafa a duro, a kunna wuta, a rufe yadda iska ba za ta shiga sosai ba, har su zama gawayi. A daka, a haɗa da kashin shanu, a cuɗa da ƙasa. Ta ce ba ya cire dalmar, riƙe ta yake yi don kada saiwa ta sha da yawa, kuma sai an sake gwaji bayan damina.

Sau biyu ina gwadawa. 'Yar banzar gaggawata ta sa nake ɗaga murfin in leƙa, iska ta shiga, komai ya zama toka. Duk lokacin nan Goggo tana can nesa ƙarƙashin darbejiya, ta juya wa hayaƙin baya. A na uku ta taso. Ta kwaɓa laka, ta shafe bakin duron, ta bar 'yar kafa ɗaya. Na kai hannu, ta buge shi.

"Kar ka taɓa. Bar shi ya ci kansa a ciki."

Washegari muka buɗe. Gawayi ne tsaf, kowace totuwa da siffarta. Na yi murna kamar yaro, na ce, "Goggo, a ina kika koyi wannan?"

Ta daɗe tana juya ɗaya a tafin hannunta.

"A rumbuna. Da suka sa wuta, jinka ta rufta ciki ta toshe bakin. Da hanya ta buɗe na koma dubawa. Dawata duk tana nan, kowace zangarniya da kamanninta, amma baƙa. Na ɗauki ɗaya ta marmashe."

Kunya ta rufe ni. Ta juye gawayin a turmi.

"Miƙo mini taɓarya. Wancan na baro shi can. Wannan a gonata zan binne shi."