Hatimin Seyni Shofer

Labarin ya same ni ta waya da safen nan, ina tsakiyar shan kunu. Sai da na ajiye kofin.

An sa hannu! An mayar da fanshona na rauni zuwa ranar da na fara nema, ba ranar da suka ga dama ba. Shekara goma sha ɗaya da aka ce babu su, yau sun dawo, kuma za a biya rapel ɗinsu duka, wato kuɗin baya da nake bi.

Na ce wa mai kiran ya maimaita. Ya maimaita. Na ce ya sake.

Ku da kuke bibiyata a nan kun san ba na yabon kowa. Yau zan yi. Seyni Shofer zan yaba, direban nan wanda muka kai makwancinsa wata biyu da suka wuce.

Ga waɗanda ba su san ni ba: akawu ne ni a soja. Motar aiki ta kife da mu, ƙuguna ya karye, aka sallame ni na dawo Gaya da sanda. Na zauna na rubuta takardar neman haƙƙina, shafi uku, da Faransancin da har malamaina na lise, babbar sakandare, za su tafa wa. Na ba Seyni, don a lokacin yana jan kamiyo, babbar motar kaya, tsakanin Gaya da Yamai inda ofishin fansho yake.

Seyni bai taɓa shiga aji ba. Mushe yake kirana, wato yallaɓai da Faransanci, rabi girmamawa, rabi tsiya.

Da ya dawo sai ya miƙo min wasu takardu. Ashe fotokopin wasiƙata ya yi, ya sa aka buga mata hatimin biro, wato ofishin, da kwanan wata. Mai karɓar wasiƙu ya ce masa ba a yin haka, ya ajiye ya tafi. Seyni ya zauna a bencin ƙofa. Washegari ma ya koma ya zauna, kamiyo na tsaye, ubangidansa na ta aiko masa da zagi. Har dai mutumin ya gaji da ganin fuskarsa, ya buga.

Kun san abin da na ce masa? Na ce, "Me zan yi da ita? Wasiƙata ta isa da kanta. Kai wa mai ƙosai ta ƙunsa."

Haka na ce. Ni mai ilimi.

Amsa ba ta zo ba. Na yi fushi da ƙasar baki ɗaya, na daina nema, na koma zagin kowa a fada, majalisarmu ta hira. Sai shekaru uku da suka wuce 'yata ta matsa min na sake haɗa dosiye, takardun nema. Aka amince, amma daga sabuwar rana. Na ce na nema tun tuni. Suka ce babu alamar hakan a wurinsu, in kawo shaida.

Ba ni da ko ƙyalle.

A duk shekarun nan, in zan je asibiti a Dosso, Seyni ne ke sa ni a gaban mota, ya naɗe bargonsa ya tokare min ƙugu. In na ciro kuɗin mota sai ya ce, "Mayar, Mushe. Ka biya ni da Faransanci." In mun zo rami sai ya rage gudu har na baya su fara danna masa oda. Ban tuna ranar da na ce masa na gode ba.

Ganinmu na ƙarshe, ya riga ya bar tuƙi, idonsa ya yi rauni, ƙafafunsa sun kumbura. Wani ya kai masa labarin ihun da nake yi a fada. Sai ga shi a kan kabu-kabu, rungume da tsohuwar jakar takardun mota, tana warin man gazuwal.

Ya zazzage ta a tabarmata. Takardun duwan na 'yan kwastan, rasit na gadar kan iyaka, tsofaffin lasisi. Ya ce, "Duba da kanka, ni duk baƙi ɗaya ne a wurina. Mai shafi uku ce."

Tana nan. Ta yi ja, amma hatimin raɗau.

Shi kuwa dariya yake har da tari. Ya ce, "Mai ƙosai ta ce ba ta so, Faransancin ya yi yawa, zai ɓata mata mai."

Na ce, "Seyni, me ya sa ka ajiye?"

Ya ce, "Mushe, shekara talatin ina ƙetare gadar nan. Ban san abin da takarda ke cewa ba, amma na san wadda ba ta da hatimi ganye ce. Mai hatimi kuwa ba a yar da ita."

Da zai hau babur ya juyo ya ce in an biya ni in saya masa taya huɗu. Na ce, "Ina motar?" Ya ce, "Kai dai sayo tayun."

Takardar nan na aika musu a matsayin shaida. Da safen nan, da mai kiran ya kashe waya, lambar Seyni na fara dannawa. Sai da ta yi ƙara sau biyu na tuna.

Ɗansa ne ya ɗauka. Na ce ya gaya wa mahaifiyarsa ina nan tafe da la'asar, ni da sandata. Kuɗin taya huɗu na kamiyo nasu ne, kuma ba na son gardama.

Allah ya jiƙan Seyni. Allah ya haskaka kabarinsa, ya ba shi takardarsa a hannun dama, ya ƙetarar da shi ba tare da an tsayar da shi ba.

Ku da kuka karanta, don Allah kada ku wuce haka. Ku yi masa addu'a, ku buga amin a ƙasa. Shi da ba ya barin takarda ba hatimi, kada mu bar tasa.