Mu Uku Muka Ƙarasa Wasan

Ina lebura a gonar gwaji ta Samaru ƙwallon kwando ta shigo Zariya, a shekarun nan da duk inda ka zauna maganar mulkin kai ake yi. Aikina kula da shanun huɗa. Yayana, ɗan wan babana, shi ya ɗauko ni daga ƙauye ya samo mini aikin, kuma ɗaki ɗaya muke kwana a barikin lebura. Iyayenmu Maguzawa ne da suka shiga addinin Kirista da girmansu. A gari arna ake ce mana, a coci kuma 'yan boko suna matsawa gefe in mun zauna, wai muna warin turke. Ni na saba. Yaya ne bai taɓa sabawa ba.

A wurin ɗaliban kwaleji muka fara ganin wasan. In mun tashi daga aiki da la'asar, sai mu biyo ta bayan filinsu mu jingina da shinge muna kallo. Wata rana ƙwallon ta tsallako waje. Yaya ya ɗauka, maimakon ya miƙa musu, sai ya auna kwandon daga inda yake tsaye ya jefa. Ko kusa ba ta je ba. Ɗalibai suka kwashe da dariya, har da mai riƙe ciki.

Yaya ya juya, muka koma gida. Kashegari ya ɓamɓaro ƙarfen bakin wata tsohuwar ganga, ya ɗaure shi a jikin mangwaron da ke bayan bariki, ya samo tsohuwar tamaula ta fata. Mu shida muka taru, duk leburori. Wani malamin firamare ɗan kudancin Zariya da muke coci ɗaya, wanda ya taɓa wasan a makarantar horon malamai, shi ya riƙa zuwa ran Asabar yana koya mana dokoki da Hausa: ba a gudu da ƙwallo a hannu, ba a ture mutum, wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan. Malam muke kiran sa, ko da yake Yaya ya girme shi.

Da damina ta ja baya, sai aka ji wani Kwara, wato Balaraben Sham, mai kanti a Sabon Gari ya sa kofi. Gasa ce ta sili ɗaya ƙwale, in an ci ka sau ɗaya ka tafi gida. Ɗalibai sun shiga, 'yan makarantar mishan sun shiga, akawunan kantunan Turawa ma sun haɗa tasu ƙungiya. Yaya ya ari keke ya je ya sami Kwaran da kansa. Mutumin ya dube shi sama da ƙasa, ya yi dariya, ya ce ku zo, in an yi yawa ya fi armashi.

A zagayen farko muka haɗu da 'yan mishan. Sun fi mu iya sarrafa ƙwallo nesa ba kusa ba, amma yara ne, mu kuwa mutane ne masu yini riƙe da garma. Duk wadda ta daki ƙarfe ta dawo, tamu ce. Muka ci su. Labari ya bazu har kasuwa cewa leburorin Samaru sun fitar da 'yan makaranta, saura wasa ɗaya su kai na ƙarshe. Wannan wasan da akawuna aka haɗa mu.

Ana gobe wasa helma, wato shugaban leburori, ya kira Yaya gindin rumbun auduga. Ina tsaye kusa.

Ya ce, "Na ji abin da kuke yi. Wannan wasa na masu takalmi ne. Kun taɓa, kun ji daɗi, to ya isa. Kada ku je ku kunyata gona a gaban mutanen Sabon Gari."

Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, gobe Asabar ce. Daga azahar ranar tawa ce."

"Motar gona ba za ta kai ku ba."

"Ai ba mu tambaya ba."

Da ƙafa muka tafi, mu shida da Malam. Muka isa ana shirin la'asar. Filin siminti ne a bayan wani kulob, wajen hanyar Chikaji, an jera kujeru gefe ɗaya don manya, sauran jama'a suna tsaye. Akawuna suka fito cikin fararen singileti iri ɗaya da fararen takalma. Mu kowa da gajeren wandon aikinsa, ƙafa ba komai. Simintin ya sha rana tun safe, da na taka sai da na ɗaga ƙafa. Ana ta yi mana ihu da Hausa da Turancin buroka, masu kiran mu 'yan daji, masu tambaya ko mun ɗaure shanun kafin mu taho.

Alƙalin wasan shi ma akawu ne, kuma duk Sabon Gari ta san ƙanwarsa kyaftin ɗinsu yake aure. Malam ya je ya yi magana a kan haka. Aka ce masa babu wani da ya san dokoki sai shi.

Aka fara. Ban ce mu waliyyai ba ne, hannun manomi yana da nauyi, in ka ci karo da mu za ka ji a jikinka. Amma abin da aka yi ranar nan ya wuce wannan. Akawu zai ruƙo wandonka ya ja, shiru. Ka ɗaga hannu ka tare ƙwallo ba ka taɓa kowa ba, sai ka ji usur. Duk da haka muna gaba da kaɗan lokacin da aka tafi hutu, don Yaya ya gano ba mai iya tsalle da ni a cikinsu, sai ya riƙa cilla mini sama ina sakawa. Amma kafin hutun an riga an fitar mana da mutum ɗaya, na shidanmu ya shiga, babu sauran kowa a benci.

Da aka dawo, ba a daɗe ba aka fitar da na biyu. Muka zama huɗu. Sai na uku, shi kuwa an ture shi ne ya faɗi, yana ƙasa aka hura masa laifi. Ya tashi zai yi kan alƙali, Yaya ya rungume shi ta baya ya kai shi har bakin fili. Ya ce masa, "Abin da suke jira ke nan. Zauna."

Muka rage mu uku: ni, da Yaya, da wani gajere mai ban ruwa a lambun gona, wanda ba ya magana sai dole.

Alƙali ya tsai da wasa, ya yafito Yaya. Ya sassauta murya kamar mai ba da shawara.

"Abokina, kun yi ƙoƙari. Uku da biyar ba wasa ba ne. Ku sallama, a tashi cikin mutunci."

Yaya ya waiwaya ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Malam! Doka ta hana mutum uku wasa?"

Malam ya ce, "Ba ta hana ba. Sai in mutum ɗaya ya rage."

Yaya ya dubi alƙali. "To ka ji. Saura biyu a gabanka. In za ka fitar da mu, fitar da mu da bakinka a gaban mutanen nan. Mu dai ba za mu fita da ƙafarmu ba."

Ya juyo gare ni, numfashinsa na fita da ƙyar. "Ƙanena, za ka iya?"

Tafin ƙafata ya riga ya saluɓe, ina jin danshi duk inda na taka. Na ce, "Yaya, mu je."

Bai tambayi gajeren ba, don shi har ya koma wurinsa ya dafa gwiwa yana jira.

Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin faɗa. Suka wuce mu, suka yi ta zubawa. In ka tare ɗaya, biyu suna tsaye ba mai gadinsu. Muna gudu daga wannan kwando zuwa wancan kamar masu kashe gobara. Amma duk sanda ƙwallo ta zo hannunmu, ba mu tsaya ɓata lokaci ba, kansu muke yi. Gajeren ya kutsa ta tsakanin mutum biyu ya miƙo mini, na saka. Can kuma Yaya ya jefa daga nesa, ta yi rawa a bakin ƙarfe ta faɗa.

A nan ne na ji filin ya canza. 'Yan dako da 'yan tasha da ke tsaye a baya, waɗanda ɗazu suke tambayar shanunmu, su suka fara. Da alƙali ya sake kai usur baki, sai ihu ya tashi ta ko'ina, wata mai tuwo tana buga murfin tukunya tana cewa ya ji tsoron Allah. Ya sauke hannu. Daga nan bai ƙara hura mana laifi ba.

Akwai wani dogon akawu a cikinsu, mutumin kudu, wanda tun farko bai riƙe rigar kowa ba. Ƙwallo ta same shi a ƙarƙashin kwando, ba kowa kusa da shi. Sai ya tsaya, ya juya, ya mayar da ita baya. Na gane kunya ce ta kama shi. Yaya ma ya gane, kuma abin ya fi usur ɗin ɓata masa rai. Ya taka har gabansa.

"Kai, jefa! Wa ya ce maka roƙo muka zo? In ka sake samu ka jefa!"

Ban san ko yana jin Hausa sosai ba, amma ya fahimta. Da ta sake zuwa hannunsa ya jefa, ni kuma na yi tsalle da iyakar abin da ya rage mini na doke ta waje. Ya dube ni ya gyaɗa kai.

An ci mu, da rata mai yawa. Da aka tashi, mu uku muna tsaye a cikin fili. Kwaran ya taso daga kujerarsa ya ce a kai mu Samaru a motarsa. Yaya ya yi masa godiya, ya ce yadda muka zo haka za mu koma. A raina na so motar nan, ba zan ɓoye ba, amma na bi Yaya. Mai tuwon nan ta kawo mana ruwa a ƙwarya, ta yage tsohon zane ta ba ni na naɗe ƙafa. Ta ce, "Ɗana, gobe ka shafa man shanu." Muka kama hanya a hankali, waɗanda aka fitar suna karɓa-karɓa wajen tallafa mini.

Ran Litinin helma ya gan ni ina ɗingishi bayan shanu. Ya ce, "Ba na faɗa muku ba?" Na ce, "Ka faɗa, ranka ya daɗe." Na ci gaba da aikina. Ɗalibai ne suka ɗauki kofin a makon da ya biyo, mu muna gonar auduga, ba mu je ba.

Ran Lahadi bayan an taso daga coci, muna zaune a ƙofar ɗaki, sai ga mutum biyu a kan keke ɗaya, ƙarti, ƙafafunsu duk ƙasa. Suka yi sallama. Suka ce su 'yan dako ne daga Jushi, suna filin ranar nan.

Babban ya ce, "Ina masu taurin kan nan? Mun ji an ce baɗi ma za a sa kofi. In kuna da mutane a benci, sai mu ga wanda zai ƙarar da ku."

Yaya ya dube su, ya dubi tsawonsu. Ya ce, "Kun taɓa riƙe ƙwallo?"

Suka ce ko sau ɗaya.

Ya miƙe yana karkaɗe wando. "Ƙanena, ba su ruwa su sha tukuna. Sannan ka je ka kira Malam."