Kazar da Iya Rabi ta Bari a Kan Ƙwai

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata, 22 ga Yuli, 2025, a ƙarshen watan Muharram, Allah ya karɓi ran maƙwabciyata Iya Rabi a Gagarawa Tasha, bayan jinyar da ta fara tun bazara. Kafin in ambaci alherinta, wajibi ne in fara da laifina. Na ɗauki abu daga gidanta bayan rasuwarta ba da iznin magaji ba, ni da nake karantar da matan aure hukuncin gado a Islamiyya.

Iya, duk matar da ta fita takaba a unguwarmu ta san sallamarki. Kikan shigo da budurwar kaza a hammata, ki sauke ta a tsakar gida. Haka kika yi mini shekarar da maigidana Malam Ilu ya rasu. Na ce miki ba ni da ƙarfin kiwo. Kika ce, "Ai shi ya sa na kawo, Malama. Ke ba za ki tashi don kanki ba, amma ita sai ta tashe ki." Ta kuwa tashe ni.

A wurinki na koyi barbaɗa toka a akurki saboda ƙuma, da jefa tsakuwa a kaskon ruwa don kada 'yan tsaki su nutse, da kifa tukunya mai kara da busasshen kashin shanu a kan shuri don a samo musu gara da safe. Da damina kikan sa wa kaza ƙwan zabi, domin zabuwa ba ta da haƙurin kwanci. Ban taɓa ganin kin ci abinci kafin ki watsa wa kajinki tsaki ba.

Da Isaiah ma'aikacin lafiya ya rasu farkon damina, kika tuna da matarsa Rhoda. Kika ce ita ba ta takaba irin tamu, amma shirun ɗakinta ɗaya ne da namu. Kina rarrafe saboda ciwo kika jera ƙwan zabi a ƙarƙashin kazarki wake-wake. Da jiki ya yi tsanani kika riƙe hannuna: "Ki kula da ita har ta ƙyanƙyashe, ki kai wa Rhoda uwa da 'ya'ya." Na ce na yi alkawari.

Sannan magajinki ya iso. Zayyad ɗan ƙaninki, tunda ba ki bar ɗa a raye ba. Daga Gumel, inda yake zaune, zuwa nan tafiya ce da mai sayar da yalo ke yi ya koma kafin azahar, amma duk tsawon jinyarki motarsa ba ta san hanya ba. Ta gano hanyar ranar da aka binne ki. Ya fito cikin shadda da ƙamshi, yana gyara hula a gilashin mota kafin ya fara share ido. Matarsa Rahama ta zauna a tabarmarki tana toshe hanci wai gidan na warin kaji. Wannan warin ne ya sai wa mijinta littattafai yana yaro.

Ranar sadakar uku ya ba da umarni a kama kajin gidan duka, wai manyan baƙi za su zo masa gaisuwa. Masa, ba miki ba. Na tsaya a bakin zaure na ce ɗaya tana kwanci, kuma akwai wasiyya a kanta.

Ya yi dariya. "Haba Malama, wasiyya a kan kaza? Wa ya shaida?"

Rahama ta ɗaga murya daga ciki: "Ƙwan ma a dafa wa yara, kada ya lalace."

Ƙwan da rai ya riga ya fara motsi a cikinsa, shi za a dafa wa yara.

Zuciya ta ɗebe ni. Da rana tsaka na shiga akurki, na sa kazar cikin hijabi, na jera ƙwan a ƙwarya, na kai gidana. Kin sha gaya mini cewa ba a ɗaga kaza mai kwanci da rana, sai magariba ta rufa, lokacin da idonta ba ya gani. Na san wannan kamar yadda na san sunana. Na tambayi kaina tun daga ranar: tsoron wuƙarsu ne ya hana ni jira, ko kuwa son in nuna wa Zayyad iyakarsa? Ban samu amsar da ta wanke ni ba. Kazar ta ƙi zama. Ta haura danga ta koma akurkinta tana neman ƙwanta, ta faɗa hannun masu yanka.

Kaza mai kwanci ba ta da nama, da ƙyar take tashi ta tsinci abinci. Na ji Rahama tana juya ta a tukunya tana cewa tsohuwa ko kazarta ba ta iya ciyarwa ba. Manyan baƙi suka tsotse ƙashi, suka goge baki, suka shafa fatiha a tsaitsaye.

Na zagaye unguwa neman wata kaza mai kwanci, ban samu ba. Na naɗe ƙwan a tsohon zane kusa da kaskon garwashi, ina juya su safe da yamma. Lokacinsu ya yi, ya wuce. Da na fasa guda na tarar da ɗan zabo ya kammala halitta, har da zanen kansa, a mace.

Na kira Zayyad a waya na nemi yafiyar abin da na ɗauka. Ya ce, "Wane ƙwai?"

Ita kuwa Rhoda, sai na kai mata budurwar kaza daga jikokin wadda kika ba ni. Ta rungume ta, ta ce, "Malama, ai ita ma ta Iya ce." Kirkinta ne ya sa ta faɗi haka, ban ɗauke shi hujja ba.

Allah ya jiƙanki, Iya. Ya yalwata kabarinki, Ya haskaka shi, Ya sa kowace ƙwayar gero da kika watsa ta zame miki nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyya ga matan unguwa da suka yi jinyarki, su ne danginki na gaskiya. Ina miƙa ta ga Zayyad da iyalinsa, Allah ya ba su haƙurin rashin da ba su san sun yi ba. Ni kuma Allah ya gafarta mini fushina da rainin da har yanzu ban iya cirewa daga zuciyata ba.

Alkawarin da na yi miki, Iya, ban cika shi ba.

Sumayya Ilu, Gagarawa Tasha