Orait Ɗin Gwadabe Heluma

Gwadabe ya sauka Tudun Wada shekara biyu bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya. Turancinsa kalma ɗaya ce tak: orait. Mu da muka yi makarantar mishan an koya mana cewa kalmomi biyu ne, amma a bakin Gwadabe ɗaya ce. Ita ta sa Baturen reluwe ya ɗauka yana jin Turanci, ya naɗa shi heluman leburori.

In ya faɗe ta a gajarce, ya ji ke nan. In ya ja ta, kuka da kanka. Da ita yake korar akuya, da ita yake yaba miyar matarsa Kulu.

Dabararsa duban fuska. Bature na ta zuba, shi yana kallon yatsansa da jan hancinsa. Sai ya ce orait, ya juya ya gaya wa leburori abin da ya dace. Da yake ya fi Baturen sanin aikin, shekara huɗu asirinsa a rufe. Ya san ranar da ya tonu zai koma ɗaukar dutse a ka.

Wata safiya Bature ya kira shi gida. Baturen ya cire hula, idanu jawur, ya nuna ɗaki, ya nuna gindin tsamiya. Matarsa Madam kuwa kwana uku tana zazzaɓi.

"Orait," in ji Gwadabe, a hankali. Ya koma wurin leburori. "Ku ɗauko shebur, Madam ta riga mu gidan gaskiya."

Aka haƙa kabari na mutunci. Dattawan unguwa suka zo gaisuwa da manyan riguna. Sai ga Madam ta fito da ƙafarta, rungume da gawar karenta cikin tawul.

Malam Muntaka, babban dattijon unguwa, ya matso kunnensa. "Kai, ɗan nema! Gaisuwar kare ka tara mu?"

"Malam, rufa mini asiri. Ku dai sunkuyar da kai."

Suka sunkuyar. Da Bature ya ga mutum arba'in sun yi jugum saboda karen matarsa, ya fashe da kuka, ya kama hannun Gwadabe, ya yi dogon jawabi. Gwadabe ya ce orait.

Ya riƙe helumancinsa har tsufa. Amma har ya koma ga Allah, in kare ya gitta ƙofar gidansa, sai an ɗaga murya: "Heluma, fito, ga dangin mamaci sun iso!"