Zomaye Shida da Na Hana Zogale

Shekarar da yajin aiki ya rufe jami'armu, na kwaso zomayen bincikena goma sha biyu na kawo su gida Fakku, don babu mai ba su abinci a can. Aikin ba shi da wuya a baki. Dukkansu ina cakuɗa musu gwaiduwar ƙwai a abinci don kitsen jininsu ya hau. Shida ina barbaɗa musu garin zogale, shida kuwa ko ƙamshinsa ba sa ji. Bayan mako takwas a ɗebi jini a gwada, a ga ko zogalen ya rage kitsen. In wani abu ya rikita wannan rabo, shekara biyu ta karatuna ta tafi a banza.

Mutanen gari suka sami abin yi. Gidan da aka sani da shanu, ga ɗansu ya je boko ya dawo yana auna wa zomo dusa a sikeli. Tun ina dariya har na daina fita majalisa.

Gidan daga ni sai Inna, mahaifiyata. Baba ya rasu da shanyewar ɓarin jiki, likita ya ce kitse ne ya toshe masa jijiya, shi ya sa ma na zaɓi wannan bincike. Ni ne ɗan fari, a wajenmu kuma uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta zaman hira da shi. Tuwona a bakin ƙofa nake tarar da shi a rufe. In tana da magana sai ta faɗa wa kaji, ni in tsinta daga gefe. Shekara talatin ban taɓa jin sunana a bakinta ba, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana cina.

Ita ma an auna ta a asibiti an ce kitsen jininta ya yi yawa. Na daka zogale na cika gwangwani, na ajiye kusa da ƙwayoyin maganinta, na gaya wa kaji cewa cokali ɗaya ne a koko kullum. Gwangwanin yana ta raguwa, ni ina ta jin daɗi.

Da mako takwas ya cika na ɗebi jinin, na jera kwalaben cikin ƙanƙara, na hau mashin zuwa Tambuwal. Mai awon ya daɗe yana duban takardar.

"Malam, ko dai kwalaben sunka cakuɗe? Duk bakinsu ɗaya."

Kwana biyu ina bin littafina layi-layi ban ga kuskure ba. A rana ta uku na fita sallar la'asar, na tuna ban rufe ɗakina ba, na juyo. Sai ga Inna a tsugune gaban kejin shidan da nake hanawa, gwangwanin nan a hannunta, tana barbaɗa musu.

"Ku ci," take ce musu. "Mi kunka yi mishi da shika ba 'yan'uwanku shi hana muku?"

Ban taɓa ɗaga mata murya ba sai ranar.

"Inna! Kin kashe min aikin shekara biyu! Kuma wanga naki ne, don ke nid daka shi!"

Ba ta waiwayo ba. Ta karkaɗe gindin gwangwanin, ta ci gaba da magana da zomayen.

"Ku faɗa mishi, duk bisar da mutum yaɗ ɗaure, Allah na tambaya tai gobe ƙiyama. Gidanga ba a taɓa ba wata an bar wata tana kallo ba. Shi yaro ne, bai sani ba. Ni ka cika mishi, kada a kama shi da haƙƙinku."

Na tsaya da takalmi ɗaya a ƙafa. Ashe tun makon farko ko cokali ɗaya bai shiga kokonta ba.

Da aka buɗe makaranta na sake aikin daga tushe, a ɗaki mai kwaɗo, ni kaɗai da sababbin zomaye. Wannan karon babu wanda ya taɓa rabon kowa. Kafin in gama, Inna ta rasu.

Na sami digirin, yana cikin akwati. Har yau in na zauna ni kaɗai nakan maimaita maganar nan tata daga farko zuwa ƙarshe. Ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa yi a kaina, kuma zomaye ta faɗa wa.