Ranar da Inna Ta Jingina a Kafaɗata

Akwai ranakun da mutum ke mantawa tun kafin rana ta faɗi, amma wannan dai, ko na tsufa na ruɗe, ba na jin za ta fita daga raina.

Lokacin ban daɗe da gama sakandare ba. Kakata, wadda duk gida muke kira Inna, ta kwana biyu tana fama da numfashi. Babanmu ya tafi fatauci, mamata kuma tana jego, sai aka ce ni zan raka ta asibiti a Gwarzo, tunda ni ce mai iya karanta takardar magani. Da hantsi muka fito bakin titi daga Masanawa, muka tsayar da wata tsohuwar motar haya mai kai mutane kasuwa.

Direban dattijo ne, gemunsa ya fara furfura. Da kansa ya fito, ya roƙi wani ya koma gaba, ya ba Inna gefen taga don ta sha iska. Ita kuwa ciwo bai hana ta tsokana ba.

"Kai direba, wannan motar taka ai sa'ata ce."

"Haba Inna, ai ta girme ki. Ki gaishe da yayarki."

Duk motar aka yi dariya, ita ma ta yi har da tari. Damina ce, dawa ta kai ƙugu, Inna tana ta nuna min gonakin da ba a nome ba tana cewa masu su ragwaye ne. Can ta ce, "Bari in ɗan jingina," ta ɗora kanta a kafaɗata. Ni har daɗi na ji, na ce yau dai ta samu barci.

Ban san lokacin da direban ya kashe rediyo ba. Na dai lura yana yawan duba madubi. Sai ya ce wa matar da ke kusa da ni, "Hajiya, ɗan gyara wa Inna mayafinta." Matar ta miƙa hannu ta taɓa wuyan Inna, ta daɗe ba ta ɗauke ba, sannan ta riƙe hannuna. Sai daga baya na gane duk motar sun sani, ni kaɗai ce ban sani ba.

Bai tsaya tasha ba, ya wuce da mu har ƙofar asibiti, ya shiga ya fito da wata ma'aikaciyar jinya. Ta duba, ta sake dubawa, ta ce da ni, "Sai haƙuri, ƙanwata."

Kuka ma ya ƙi zuwa. Tsoro ne ya rufe ni. Ba ni da waya, ban san kowa a Gwarzo ba, ga Inna a jikina. Sai na ji wani daga gaba, mai buhunan masara, yana cewa, "Direba, mu fa kasuwa za mu. A sauke su, sai a nemo danginsu."

"Alhaji, yarinya da gawa zan ajiye a bakin ƙofa?" in ji direban, ba tare da ya ɗaga murya ba. "Kasuwa ba za ta gudu ba. Yanzu zan haɗa ku da wata motar."

Ya tare wani abokin aikinsa, ya kwashe buhunan da hannunsa. Hajiyar nan ta ce ita ta fasa kasuwar, za ta raka mu. Direban ya leƙo ta taga ya ce, "'Yata, inda na ɗauko ku, can zan mai da ku."

A hankali ya yi ta tuƙi, yana kauce wa ramuka kamar Inna za ta ji zafi. Da muka iso Masanawa na nuna masa layin gidanmu, amma sai ya tsaya nesa, a inuwar masallaci.

"Wa ke gida?"

"Baffana da mamata, Baba. Ita kwananta goma da haihuwa."

"To ki zauna. Ba a kai wa mai jego irin wannan labari da ƙarar mota."

Ya taka da ƙafa ya nemo liman, suka je suka yi sallama da Baffa a zaure. Aka tura manyan mata biyu wajen mamata, suka karɓi jaririn, suka zaunar da ita, sannan aka gaya mata. Sai bayan nan motar ta shiga layi. A nan ne kukana ya ɓalle.

Bai tafi ba sai da aka yi wa Inna salla, har ya kama makara. Da Baffa ya neme shi don godiya, aka ce ya wuce. Ko sunansa babu wanda ya tambaya.

Kafin ranar, ni direban haya mai ihu a tasha kawai na sani. Tun daga nan na daina auna mutum da sana'arsa. Na kuma koyi cewa taimako ba ya ƙarewa a kai mutum inda za shi. Wani lokacin cikarsa ita ce ka tsaya nesa, ka bari a zaunar da zuciyar masu gida tukuna.