Fuska Biyu a Ɗakin Buhuna

A bangon kicin ɗin da nake wanke tukwane a unguwar Hay el-Sabi' ta Alƙahira akwai wata tsohuwar kalanda. Shekararta ta wuce, amma ba wanda ya cire ta. Gidan abincin na Musulmin Sin ne. A jikin kalandar an zana wani ƙato riƙe da mashi, tsaye a kan dutse, ruwa da ciyayi a bayansa. Tururi ya cinye launin. Abin da ya rage da kyau shi ne wani baƙin tabo a kumatunsa.

Wata rana bayan la'asar na tambayi tsohon gidan, mahaifin mai wurin, yana murza kwaɓin taliya. Larabcinsa gurgu ne, kuma ba ya sauri, shi ya sa nake gane shi. Ya ce jarumi ne na cikin tsofaffin labaransu. Soja ne, aka yi masa sharri, alƙali ya sa aka tsaga masa fuska aka cusa tawada, don duk garin da ya shiga a san fursuna ne. Ya gudu cikin duwatsu, ya haɗu da waɗanda hukuma ta kora. Da sarki ya yi musu afuwa, wasu suka nemi magani suka goge tabon. Shi ya ƙi.

Tsohon ya nuna kumatuna da yatsansa mai gari. "Ke fa? Wane alƙali?"

"Kakata," na ce.

Bari in ba ku labarin yadda yake.

An haife ni a wani ƙauyen Hausawa a bakin Nilu, cikin Sudan. Kakanninmu sun taso da ƙafa za su Makka, suka tsaya noma don guzuri, noman ya riƙe su. Kaka, uwar babana, ta zo da tsagar gidansu: shida a kumatu ɗaya, bakwai a ɗayan, daga bakin leɓe har kusa da kunne. Mutanen ƙasar ma suna da tasu tsagar, amma duk wanda ya ga tamu ya san daga yamma muka fito. Baba a hanya aka haife shi, babu wanzami, fuskarsa sumul. Ya kuma hana a taɓa yayyena maza. Ni da aka sa mini sunan Kaka, ran suna, maza na can suna cin tuwo, ta goya ni ta kai wa wanzami. Ta ce takwararta ba za ta yi yawo da fuskar aro ba. Mu biyu ke nan masu tsaga a gidan.

Ina shekara goma, bayan an yanke riɗi, labari ya zo cewa wani kwamiti zai zauna a gindin tsamiyar kasuwa ya rubuta sunaye. Wanda aka rubuta zai sami takardar ɗan ƙasa. Da ita yaro ke wuce aji, da ita gonar bakin kogi ke zama taka. Mazan gari suka yi shawara a masallaci: kowa ya yi Larabci, kowa ya ambaci wata ƙabila ta ƙasar. Masu tsaga su zauna a gida, a ce ba su da lafiya, a rubuta su a bayan ido.

Da hantsi Baba ya durƙusa gaban Kaka. "Iya, don Allah. Zuwa azahar kawai."

Ya kai mu ɗakin buhuna, ya shimfiɗa mata tabarma, ya jawo ƙofar kwano ya ɗaure da igiya daga waje. Wai kada wani ɗan kwamiti ya zagayo shan ruwa.

Har yau in na ji ƙanshin riɗi, zafin ɗakin nan nake ji. Kwanon rufi yana ƙas-ƙas da rana. Ƙura na yawo a cikin hasken da ke shigowa ta hudar ƙusa. Daga nesa muna jin jakuna, da injin ban ruwa yana tari a bakin kogi. Kaka na jan carbi, zufa na bin layukan fuskarta, kowane layi da nasa ruwan. Ta gama carbi ɗaya, ta koma, ta gama. Sai ta ajiye.

"Takwara, me muka sata?"

"Ba komai, Kaka."

"To tashi."

Tana da wata 'yar wuƙa ta yankan kuɓewa a ƙugunta. Ta zura ta ta tsakanin ƙofa, ta yanke igiyar. Ta ture mayafinta baya, ta ture nawa, ta kama hannuna. Ba mu yi sauri ba. Ƙafafunta ba sa sauri.

Mun iske Baba tsaye a gaban tebur, yayyena a bayansa, malamin rubutu ya riga ya fara jera sunayenmu. Kaka ta ɗaga murya da Hausa, yadda na ƙarshen layi ma zai ji.

"Sannunku da aiki!"

Malamin ya dubi fuskarta, ya dubi tawa, ya juya ga Baba. Ya ce da Larabci, "Wace ce wannan tsohuwar?"

Hanya a buɗe take. Da Baba ya ce maƙwabciya ce, da an wuce, ba kuma wanda zai tona shi a cikin mutanen gari. Ya daɗe. Ni ina ƙirga ƙudajen da ke kan tebur.

"Uwata ce," ya ce. "Wannan kuma 'yata."

Malamin ya ja layi a kan sunayenmu, daga sama har ƙasa.

Kada ku zaci abin ya zo da sauƙi. Yayyena suka bar makaranta. Ni ban ma shiga ba. Bayan damina uku gonar bakin kogi ta koma hannun wani mai takarda, muka zama 'yan ƙodago a cikinta. Baba bai taɓa ɗaga wa Kaka maganar ba. Kullum da safe zai durƙusa ya gaishe ta, ya tashi, shi ke nan hirar, har ta rasu. Ni kuwa na yi shekaru ina jin haushinta. In na sunkuya tsintar auduga a gonar wani, da ita nake faɗa a zuci. Wata rana na faɗa mata a fili. Ta ce, "Ki ji haushi. Amma a waje kike jinsa, ba a ɗakin buhuna ba."

Da yaƙi ya zo, na shigo Masar ba takarda, da yara biyu da buhun kaya. Ba zan ba da labarin hanyar ba.

Yanzu ba mai yi wa ɗansa tsaga, ni ma ban yi wa nawa ba. A motar haya yaran Alƙahira suna kallona suna taɓa uwayensu. Ɗaliban da ke zuwa daga Najeriya, fuskokinsu sumul kamar na Baba, in suka hango ni ta tagar kicin sai su ce, "Mama, ina wuni?" tun ban buɗe baki ba.

Bara na je ofishin da ake rubuta 'yan gudun hijira. A layi wani ɗan ƙasarmu ya raɗa mini cewa in ambaci wata ƙabila, wai ta fi saurin samun shiga, in kuma ja mayafi gaba. Na ce masa ma'alish, wato ya yi haƙuri. Da aka zo kaina, yarinyar da ke rubutu ta tambayi ƙabilata. Na ce Hausa. Ta ce in maimaita. Na maimaita, na tsaya har na ga ta rubuta.

Katin yana nan a jakata. Shi ne takarda ta farko da ta taɓa ɗaukar sunana, ina da shekara hamsin da wani abu. Ba na iya karanta abin da ke jiki. Hoton dai na duba shi sosai, na ƙirga. Duk goma sha ukun sun fito.